Totuwa Biyu a Cikin Injin Datsun

Ranar Lahadi da ƙarfe ɗaya da kwata na rana, Malam Timothy Kalmai ya dawo daga coci, ya buɗe rumfar motarsa da ke bayan gidansa a Sabon Garin Wudil, ya ɗaga bonet, ya miƙa hannu inda kafireto biyu suka kwana. Hannunsa bai taɓa komai ba. Ya mayar da bonet ya rufe, ya fita ya zauna a benci da kayan cocinsa. Sai da aka kira la'asar ya tashi ya tafi ofishin 'yan sanda.

Sufeto Muhyiddeen Sale ne ya karɓi ƙarar. Shekararsa biyu a Wudil, iyalinsa suna Gumel, kuma ba shi da inda zai je ranar Lahadi. Ya goya tsohon a babur suka koma tare.

Rumfar ta bulo ce da rufin kwano, taga ɗaya. Kwaɗon ƙofar bai karye ba, ba a kuma ɓanɓare ƙarfen da yake rataye a jiki ba. A ciki akwai mota ɗaya mai ruwan lemo, mai dogon hanci da kujera biyu, sitiyarinta a dama.

"Datsun 240Z ce, ƙirar 1971," in ji Malam Timothy daga bakin ƙofa. "Ta shigo ƙasar nan kafin a sauya hannun tuƙi. A Bompai na same ta, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, kaji suna ƙwai a kujerar direba."

"Yaushe ke nan, Baba?"

"Shekara goma sha ɗaya."

"Ta taɓa tashi?"

"Jiya ta fara tashi. Minti huɗu. Na kashe ta don mai yana ɗan zuba."

Sufeto ya zagaya motar. Ya nemi ɗaga bonet daga gaba, ya ƙi. Tsohon ya ce masa a ja wayar da ke cikin mota tukuna, sannan a ɗaga daga wajen gilashi, don maƙalarsa a hanci take. Sufeto ya yi hakan. Ya duba fentin gaban motar da kyau, babu ƙarzuwa ko ɗaya.

A gefen injin akwai baki biyu inda kafireton suka zauna. An toshe kowanne da totuwar masara naɗe da tsumma mai ratsin shuɗi. Noti takwas suna kan ƙusoshinsu, an mayar da su an ɗaura da hannu. Batir yana nan. Lagireton tagulla yana nan. Sufeto ya rubuta duka, ya ɗauki hoto da wayarsa. A ransa ya ce tsohon mai tsantseni ne, ko a cikin tashin hankali bai manta ya toshe injinsa ba.

Sauran rumfar ma haka take. Gwangwanayen madara a jere a kanta, kowanne da suna a jiki da manyan baƙaƙe. Duk wani bututu da aka ajiye an rufe bakinsa da jan murfin roba an naɗe da tef.

"Ba za ka shigo ba, Baba?"

"Na ga abin da zan gani."

"In ba a same su ba fa? Ba a sayen wasu?"

"Shekara uku na yi ina nemansu. Daga Japan suka zo, ta hannun mutum huɗu. Babu irinsu a kasuwar Ƙofar Ruwa, babu a Legas." Ya gyara zaman tabaronsa mai kauri. "Na yi ritaya daga jami'a tun watan shida, ɗakin injinan koyar da ɗalibai nake kula da shi. Ranar Asabar 'yata Hannah za ta zo da babbar mota ta kwashe kayana zuwa Billiri. Na ce mata ta ɗauki kaya, ni zan biyo su a wannan. Kwana shida suka rage, Sufeto. Sau ɗaya nake so in tuƙa ta."

"Wa ke da mabuɗi?"

"Ni. Ɗayan yana cikin tsohon gangan birki, can gindin randa."

"Wa ya san da shi?"

"Matata Asabe ta sani. Shekararta shida da rasuwa."

"Wa ke shigowa nan?"

Ya ambaci mutum uku. Ɗayyabu ɗan gwangwan, wanda ke bin layin da kura yana sayen ƙarafa, ya taɓa leƙowa ya tambayi ko za a sayar masa da motar a kilo. Dakta Stephen, malami a jami'a, shi ma mai tara tsofaffin motocin Japan, ya sha kawo maganar wani mai saye daga Abuja. Sai Labaran bakanike, wanda ke zuwa duk Asabar tun ranar da aka jawo motar.

"Labaran ka cire shi," in ji tsohon. "Rabin motar nan hannunsa ne."

Sufeto ya gama rubutu, ya miƙa masa biro daga gefe don ya sa hannu. Malam Timothy ya ci gaba da kallon gabansa. Sai da Sufeto ya kawo biron daidai fuskarsa sannan ya karɓa.

Litinin da safe Sufeto ya je filin Ɗayyabu a bayan tasha. Ya same shi yana fasa wani tsohon janareto da guduma.

"Yallaɓai, barka da asuba. An tashi lafiya? Ya aiki? Ya iyali?"

"Lafiya. Jiya da hantsi an gan ka a layin Malam Timothy."

"An gan ni mana. Kullum ana ganina. Kura ba ta ɓuya, yallaɓai, ƙararta ma ta ishi mutum."

"An sace masa kafireto biyu."

"Me ye nauyinsu?"

"Ban auna ba."

"To ai ka ji. Alminiyam ne, ba su kai tukunyar tuwo ba. An ɗauki batir?"

"A'a."

"Lagireto fa? Na taɓa hango shi, tagulla ce zalla."

"Yana nan."

Ɗayyabu ya ajiye guduma ya yi dariya. "Wallahi in ni ne, ka kama ni don wauta, ba don sata ba."

Sufeto ya ce ya kawo kayan aikinsa. Ya kawo guduma biyu, da kurfi, da zarto, da sikeli. Babu sifana ko ɗaya. Sufeto ya bincike filin tsawon awa guda bai ga komai ba. Kafin ya tafi ya tambaye shi ta ina ake buɗe bonet ɗin motar.

"Ta gaba mana, kamar kowace mota. Ko ta Bature daban take?"

Sufeto ya ja layi a kan sunansa.

Garejin Labaran yana gefen babban titi, dab da inda ake hawa gada. Rumfa ce ta kwano huɗu da rami ɗaya. Babu mota a kan ramin. Labaran, mutum mai kusan shekara sittin, siriri, mai furfura a gemu, yana zaune yana wanke wasu sifanu da ba su yi datti ba. Suka gaisa a tsanake.

"Na ji labari," in ji shi. "Allah ya tona asirin wanda ya yi."

"Amin. Jiya da safe kana ina?"

"Ina gida, Kausani. Muna karyar masara."

"Wuni guda?"

"Har azahar."

"Ranar Asabar kana wurin aka tayar da motar?"

"Ni na riƙe wayar totur." Fuskarsa ta ɗan saki. "Silinda shida, yallaɓai. Ka ji ta kamar ana yaga sabon yadi."

"Ka san inda yake ajiye mabuɗi?"

"Ni Injiniya Timothy ke buɗe mini da kansa."

"Aiki ya yi sauƙi, na gani."

Labaran ya kalli ramin. "Motocin yanzu kwamfuta ake jona musu ta faɗi ciwonsu. Mu masu sauraro da kunne an wuce mu. In ka ga kafireto yau, to a janareto ne ko babur."

"Ka je ka duba shi tun da abin ya faru?"

"Zan je."

Sufeto ya rubuta wannan ma. Abokin shekara goma sha ɗaya, tafiyar minti biyar a babur, bai je jaje ba.

Dakta Stephen ya karɓe shi da yamma a gidansa, a ƙarƙashin wata rumfa inda Toyota Celica mai ruwan toka ke tsaye kusa da gangar jikin Mazda RX-7 da ba ta da ƙafafu. Mutum ne mai ƙiba da saurin magana, ɗan Zuru.

"Na san za ka zo, Sufeto. In ni ne kai, ni zan fara kamawa. Na so motar nan, ban ɓoye ba. Na ce masa, Baba Timothy, ka sayar wa mutumin Abuja ka huta. Ya kalle ni kamar na ce ya sayar da 'yarsa."

"Jiya daga ƙarfe tara zuwa ɗaya?"

"Ina kan molon coci, gaban mutum ɗari biyu. Shi kansa yana layi na uku. In na tashi ko fitsari, waƙa za ta tsaya."

"Za ka iya aiken wani."

"In yi me da su? Ba sa hawa Celica. In sayar? Mu masu wannan haukar a ƙasar nan ba mu fi cikin bas ɗaya ba, kuma duk muna rukuni ɗaya a waya. Kowa ya ga hoton kafireton nan ranar da suka iso. Wanda ya sa su a kasuwa da safe, kafin azahar an kira sunansa."

Sufeto ya buɗe hoton injin ya miƙa masa. "Duba ko akwai wani abin da aka cire ban gani ba."

Dakta Stephen ya faɗaɗa hoton da yatsu. Sai ya fashe da dariya.

"Me ye wannan? Totuwa?"

"Ya toshe ne don ƙura."

"Wa? Timothy? Haba Sufeto. Mutumin da ya yi odar murafen roba ɗari daga waje don kawai ya riƙa rufe bututu? Mutumin da ya kore ni don na ɗora kofin shayi a kan bonet? Ya fi sauƙi ya cusa totuwa a hancinsa da ya cusa ta a injin nan."

Sufeto ya karɓi wayarsa. Ya tuna jajayen murafen da ke kanta, ya kuma tuna cewa bai tambaya ba. Ya ɗauka ne kawai.

Talata da safe ya tabbatar da maganar coci daga bakin mutum uku, sannan ya koma Sabon Gari. Ya sami Malam Timothy yana ɗaure littattafai a kwali, shi kaɗai a tsakar gida. An riga an sauke labule. A bango akwai alamar inda hotuna suka daɗe.

"Baba, da ka ga an sace, ka taɓa wani abu a injin?"

"Na rufe bonet kawai."

"Ba ka toshe bakin ba?"

Tsohon ya miƙe da sauri har kwalin ya kife. "A buɗe suke? Kwana biyu? Zanzaro zai yi gini a ciki!"

"A toshe suke. Zo ka gani."

Suka shiga rumfar. Sufeto ya ɗaga bonet. Malam Timothy ya sunkuya, ya kai fuskarsa kusa, ya juya kai hagu da dama kamar mai leƙe ta kafar ƙofa. Daga baya ya bar kallon ya sa hannu. Yatsunsa suka bi noti ɗaya bayan ɗaya, suka sauka a kan tsumman, suka tsaya a kan totuwar.

Ya shafa ta sau biyu.

"Sau ɗari na ce masa kada ya sa mini wannan abu a inji," in ji shi a hankali. "Ɓurɓushinta yana faɗawa ciki."

"Wa?"

Tsohon ya ɗago kai. Ya zare hannunsa ya goge a wando.

"Baba, ranar Lahadi ba ka gan su ba ko?"

"Rumfar da duhu."

"Ƙarfe ɗaya na rana ne, ƙofa a buɗe. Na miƙa maka biro daga gefe ba ka gani ba. Me likita ya ce?"

Malam Timothy ya zauna a kan wata tsohuwar taya. "Hawan jinin ido. Na dama ya tafi tun bara. Na hagu saura tsakiyarsa, kamar mutum yana kallo ta bututu. Ya ce kafin damina mai zuwa shi ma zai rufe."

"Hannah ta sani?"

"Ta san ina sa magani."

"Wa ya san gaskiyar?"

"Ban faɗa wa kowa ba." Ya gyara zaman tabaronsa. "Amma wanda ke miƙo maka sifana duk Asabar ba sai an faɗa masa ba."

Ya ce a bar maganar, ya janye ƙara. Sufeto ya ce zai iya janyewa in ya ga dama, amma kafireton ba za su dawo da ƙafarsu ba. Ya zare totuwa ɗaya da tsummanta ya sa a leda. Tsohon ya lalubo jan murfi a kanta ya rufe wurin da kansa.

Garejin a rufe yake. Sufeto ya bi hanyar Kausani, tsakanin gonakin dawa da ta fara nuna. Ya sami Labaran a ƙofar gidansa, zaune a tabarma gaban tulin masara, yana murza ta da hannu. Totuwar da ya gama da ita ya tara a gefe. Ja ce, irin wadda ke cikin ledar.

Bayan gaisuwa aka kawo ruwa a kwano. Sufeto ya sha, ya ajiye ledar a kan tabarma.

"Malam Labaran, zan faɗa maka abin da na gani, in na yi kuskure ka gyara mini. Wanda ya shiga rumfar bai fasa kwaɗo ba, ya san gangan birki. Bai ƙarje fenti yana neman bakin bonet ba, ya san ta baya ake ɗagawa. Ya bar batir da lagireto, don haka ba kilo ya kai shi ba. Ya ɗauki abin da ba a iya sayarwa a ƙasar nan ba tare da an gane ba, don haka ba kasuwa ta kai shi ba. Ya kwance noti takwas da sifana, ya mayar da kowanne wurinsa don kada su ɓace. Sannan ya tsaya, a gidan mutane, da rana tsaka, ya toshe bakin injin don kada zanzaro ya shiga. Ban taɓa ganin ɓarawon da ya damu da lafiyar abin da ya bari ba."

Labaran ya ci gaba da murza masara.

"Murafen roba suna nan a kanta, taku biyu daga motar. Bai ɗauka ba. Hannunsa ya yi abin da ya saba yi shekara arba'in. Ya zo daga gona da totuwa a buhun babur, ya yagi tsumma, ya naɗe, ya cusa. Jiya a garejinka na ga tsumman da kake goge sifana da shi. Mai ratsin shuɗi ne."

"Rabin bakaniken ƙasar nan da totuwa suke toshe inji."

"Haka ne. Amma ɗaya ne kawai a cikinsu Malam Timothy ya hana sau ɗari."

Hannun Labaran ya tsaya. "Ya taɓa ta?"

"Yau da safe."

"Me ya ce?"

"Ya ce ɓurɓushinta yana faɗawa ciki."

Labaran ya yi wani sauti mai kama da dariya. "Shi ya sa nake naɗe ta da tsumma. Bai taɓa yarda ba." Ya karkaɗe hannuwansa ya tashi. "Zo, yallaɓai."

A bayan gidan akwai rumbu. Ya hau tsani, ya ɗaga murfin, ya zaro bokitin fenti mai murfi. A ciki kafireton biyu ne, kowanne naɗe da ƙyalle mai mai, an sa tsumma a tsakaninsu don kada su gogi juna. Sandunan da ke haɗa su suna ɗaure da zare, a jere yadda aka cire su.

"Me ya sa?" in ji Sufeto.

"Ranar Asabar, da ta tashi, ya shiga ya zauna ya riƙe sitiyari. Na tsaya a gefen taga, nan ga kafaɗarsa, ina ɗaga masa hannu ya kashe, mai yana zuba. Bai gan ni ba. Ya leƙo yana kiran sunana, yana nemana a gaba. Mutumin nan ne zai hau titin Maiduguri, tsakanin tireloli da motocin shanu, har Billiri? Ba zai kai Kachako ba."

"Ka faɗa masa?"

"Na ce, Injiniya, bari in tuƙa ka. Ya ce bai yi shekara goma sha ɗaya yana gyara mota don a ɗauke shi kamar buhu ba."

"Ka kira 'yarsa?"

"In tona masa asiri wurin 'yarsa?"

"Sai ka yi masa sata."

"Na ce in Asabar ta wuce, ya tafi a babbar mota da ransa, sai in mayar."

"Motar fa?"

"Sai ta zauna tukuna. Ba zai yarda a ja ta ba tare da ta tashi ba. Da ya riƙa zuwa, ko bayan wata biyu, muna duba ta."

Sufeto ya rufe littafinsa. "Wanne ne a ciki, Malam Labaran? Tsoron kada ya mutu, ko kada ya tafi da ita ka rasa inda za ka je ranar Asabar?"

Labaran ya kalli bokitin. Wata akuya ta zo ta ja totuwa ɗaya ta tafi, bai kore ta ba.

"Ka rubuta wanda ka ga dama," in ji shi.

Laraba da safe mutanen biyu suka zauna a ofishin Sufeto, tebur a tsakaninsu, bokitin a kai. Malam Timothy ya buɗe ƙyallen, ya bi kowane kafireto da yatsa, ya ɗaga fiston ɗin ciki ya saurari yadda ya sauka. Ya sa hannu a takardar janye ƙara, rabin sunansa a ƙasan layi.

"Injiniya," in ji Labaran, "bari in zo in ɗaura maka su. Saitin biyun sai da kunnen mutum biyu."

"Sufeto, ka ce masa na gode. Na sauya kwaɗo."

Ya ɗauki bokitin ya fita. A bakin ƙofa kafaɗarsa ta bugi gefenta, ya gyara ya wuce.

Kwana biyu Malam Timothy ya yi yana ɗaura su shi kaɗai. Maƙwabta sun ce sun ji injin ya tashi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya mutu, ya sake tashi.

Asabar da ƙarfe bakwai na safe ya kira Sufeto a waya. Hannah ta taso daga Kano da babbar mota, in ji shi, za ta iso ƙarfe tara. Ya faɗa mata komai daren jiya, kuma za a ɗora Datsun a bayan motar tare da kaya.

Sufeto ya same shi tsaye kusa da Datsun ɗin a kan layi, sanye da kwat. An wanke ta. Mabuɗin yana hannunsa.

"Na fito da ita da kaina," in ji shi. "Taku goma sha biyu daga rumfa zuwa nan. Na ƙirga. Na kusa taka randa." Ya miƙo mabuɗin, ɗan nesa da inda hannun Sufeto yake. "Ka taɓa tuƙa mai sitiyari a dama?"

"Ban taɓa ba. Doka ma ba ta cika son su ba."

"Takardunta sun girme ka. Gada kawai za mu haye mu dawo."

Sufeto ya shiga ta dama. Tsohon ya zagaya yana dafa bonet, ya shiga ta hagu. Injin ya tashi a bugu na biyu. Giya tana hannun hagu, sai da Sufeto ya laluba sau biyu kafin ya sami ta ɗaya.

Suka fito babban titi. Masu shayi suka miƙe. Wani ɗan acaba ya bi su yana danna hon. Mutanen da suka yi shekaru suna jin ana cewa akwai mota a rumfar tsohon nan suka ga ta wuce, suka gan shi a kujerar hagu, inda direba ke zama a kowace motar da suka sani, gwiwar hannunsa a kan taga.

"Sai Injiniya!" wani ya ɗaga murya. "Ashe dai za ka tuƙa ta!"

Malam Timothy ya ɗaga hannu wajen da muryar ta fito. Bai gyara musu ba, Sufeto ma bai gyara ba.

Dab da gada, Labaran yana tsaye a gaban garejinsa da tsumma a hannu. Shi kaɗai a titin ya kalli ɓangaren dama, inda sitiyarin yake. Ya karkata kai yana sauraron injin, sannan ya ɗaga yatsu biyu ya murza su a iska, alamar kafireton baya yana shan mai fiye da na gaba.

Sufeto ya sassauta.

"Yana nan?" in ji Malam Timothy, yana kallon gaba.

"Yana tsaye. Yana cewa na bayan yana so a rage masa mai."

"Na ji tun daga gida. Kwatan juyi ne."

"In tsaya?"

Tsohon ya ɗora tafin hannunsa a kan dashbod, inda rawar injin ke fitowa. Gadar ta buɗe a gabansu, babu tirela ko ɗaya, kogin a cike.

"Sa mata giya ta uku," in ji shi.